Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Tun 1964 aka kafa mana masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna. Ita kuwa Singafo, tsibirin da faɗinsa bai kai na ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ba, sai a 1967 ta buɗe tata, da harsashi ta soma. Kafin ka ce kwabo, a 2008 Ingila da kanta ta ƙulla cinikin motocin yaƙi da ita. Tamu fa? Ana gama yaƙin basasa aka bar ta da ƙera kujeru.

Ba tsafi suka yi ba. Gwamnatinsu ce ta fara sayen kayansu, ta jure, ta horar da ma'aikata, har baƙi suka yarda da ingancin kayan. Haka Beljiyam ta yi a 1889, da ta ba maƙeranta aikin bindigogi 150,000. Daga nan kamfanin FN ya samo asali.

Mu kuwa sai dai mu ɗauki kuɗinmu mu kai wa wasu. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari cike take da shanu da raƙuma, amma bindigar mai gadin iyakar daga ƙetare ta zo.

An sake wa DICON doka a 2023, to amma doka ba ta hura zuga. A tilasta wa soja da 'yan sanda sayen na gida, a koya wa 'ya'yan maƙeran Gumel da Gagarawa aikin inji. In ba haka ba, ranar da mai sayarwa ya ce ba ya sayarwa, da me za mu kare kanmu?