Cuku da Yaji: Ga Shanu a Ƙofar Gida, Me Ya Kai Mu Kanti?

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya san bidiyon nan: yankan burodi biyu, cuku a tsakiya, a gasa a kasko, a ɓare shi yana zarewa kamar danƙo, sannan a barbaɗa jan barkono. Mu ma matasan Gwandu da Kalgo mun shiga sahu. Sai ka ga yarinya ta hau mota zuwa Birnin Kebbi neman cukun leda da aka shigo da shi daga waje, a farashin da sai mai hali, don dai ta ɗauki bidiyon minti ɗaya.

Ba laifi ba ne son abu mai daɗi. Abin tambaya, 'yan uwa, shi ne me ya sa kuɗin ba zai tsaya a gida ba? Ƙasar Gwandu ƙasar makiyaya ce tun kafin zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kullum matan Fulani suna shigowa gari da ƙwarya a ka, ɗauke da nono da kindirmo da man shanu. Da damina, lokacin da ciyawa ta wadata, madara kan yi yawa har ta faɗi warwas, wadda ba ta shiga ba kuma ta lalace, saboda babu wutar da za ta riƙe firji. Cuku hanya ce ta ceton wannan madarar.

Kuma ba sabon ilimi ba ne fa. A Nijar, wajen Tawa da Agadas, ana shanya cuku fale-fale ya daɗe bai lalace ba. A Jamhuriyar Benin, wadda muke iyaka da ita ta wajen Bagudo, Fulani na yin wagashi, su rina bayansa ja da karan dafi. Shi ne ɗan uwan wanda ake kira wara a Najeriya. Kada ku haɗa shi da awara: ita da waken suya ake yi, shi kuwa madarar shanu ce zalla. Ana ɗora ɗanyar madara a wuta, a tace ruwan dakakken ganyen tumfafiya a zuba, wannan tumfafiyar da ke tsaye a kowane kango. Madarar ta kama, a ci gaba da dafawa, a tsame a ƙaramin kwando ya tsane.

Ga sirrin da ya dace da masu gashi: wannan cukun ba ya narkewa a wuta. Ba zai yi muku zaren da kuke gani a bidiyo ba, amma zai tsaya cak a kan waya ko kasko, bayansa ya yi ja, cikinsa da laushi. Haka halumi na ƙasar Saifurus yake, wanda Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya ta doka a 2021, ake kuma sayar da shi da tsada a duniya. Su sun ɗaukaka nasu. Mu namu ko suna ba mu tsayar masa ba.

Sai yaji, wanda a nan babu mai koya mana. Cuku ɗan lami ne, yaji ke ta da shi. Busasshen barkono, citta, masoro, kimba, ɗan kanumfari, tafarnuwa da ƙuli-ƙuli, a daka su yi laushi. A yanka cukun da kauri, a shafa man gyaɗa, a gasa, sai an sauke a barbaɗa yajin, don ƙuli na saurin ƙonewa ya yi ɗaci. A yanka albasar Aliero a kai. Wallahi ko burodin ba ka nema.

Amma a yi hattara da abu biyu. Na farko gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, yajin kasuwa kuwa sau da yawa gishirin ne ke cika leda. Na biyu ƙuli-ƙuli: gyaɗar da ta yi fumfuna na ɗauke da guba mai illa ga hanta, kuma wuta ba ta gama kashe ta. Ku daka naku, ko ku saya wurin wadda kuka san hannunta.

Wani zai ce ai kayan ruga babu tsabta. Cukun nan dafa shi ake yi, kuma idan aka sake tafasa shi cikin ruwan gishiri yakan ƙara kwana. Inda aka ga gyara, mai saye da ya dawo gobe shi ke da bakin faɗa a ji.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ku da ke da waya da data, wannan aikinku ne. Ranar kasuwa ku tambayi Inna mai nono ko tana yin cuku, in ba ta yi, ko za ta gwada in kun yi alkawarin saye. Ku biya ta ba tare da ja-in-ja a kan naira hamsin ba. In za ku ɗauki bidiyo, ku nemi izininta, ku kuma faɗi inda za a same ta, don wanda ya kalla ya san kasuwar da zai nufa.