Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Malamai da 'yan uwa ɗalibai, yawancinmu idan za mu sayi agogon hannu, ƙyallin fuskarsa muke dubawa. A ganinmu, ingancin agogo a cikinsa yake.

Ku dubi Seiko 5 na iyayenmu, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1963. Ba ruwansa da batir. Motsin hannu ne ke naɗe wani siririn ƙarfe a cikinsa, shi kuma yana warwarewa a hankali yana juya ƙananan ƙafafu masu haƙora. Idan ya tsaya, mai gyara ya buɗe, ya wanke, ya ɗiga mai, shi ke nan ya tashi.

Gaskiya ne, tsohon agogo yakan yi sauri ko jinkiri, kuma sababbi na asali sukan fi shi riƙe lokaci. Amma mu nawa ne ke da kuɗin na asali? Jabu muke saye, kwana kaɗan ya mutu, mai gyara ya ce babu kayansa.

Tunda an hana mu zuwa makaranta da waya, mu roƙi Baba agogon da ke kwance a akwati, mu kai shi gyara. Wataƙila ma bulalar makara ta ragu.