Lissafin Kurmi da Lissafin Aji

A cikin birnin Kano, daga Jakara har Mandawari, ba a rasa yarinya mai tallan ƙosai da za a miƙa wa naira dubu a ce ta zuba na ɗari uku da hamsin, ta zaro canji tun mai saye bai gama gyara aljihu ba. Wanda ya gwada cin naira hamsin ɗinta, unguwa ce za ta ji labarinsa. Washegari a aji malami ya rubuta 1000 − 350 a allo, ya yi tambayar da Turanci, sai ta yi tsuru-tsuru. Ƙarshen zango a yi mata ƙwai da jan biro, a gida kuma a yanke hukunci: ba ta da kan lissafi.

Wannan hukunci zalunci ne, kuma tarihin garin ya ƙaryata shi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake ciniki a Kasuwar Kurmi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar dalar azurfa ɗaya tana bakin wuri 2,500. Biyar-biyar ake ƙirga wurin a ƙasa, har a cika keso mai 20,000, ba biro ba takarda, kuma fatake ba sa yafe kuskure.

Lissafin zaure ya ma fi wannan zurfi. Ɗalibin da ya kai babin rabon gado a Risala ya san rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi. A ce magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, da naira 800,000. Malam zai kasa dukiyar kashi takwas: matar ta ɗauki sumuni, wato 100,000, kowane namiji 200,000, 'yar kuma 100,000. In mahaifiyar mamacin tana raye, sudusi ya haɗu da sumuni, sai malam ya nemi asalin mas'ala, ya same shi a 24. Wannan 24 ita ce LCM ɗin da ke sa 'yan sakandare gumi! Akwai ma inda rabon ya fi dukiyar yawa: in mace ce ta rasu, miji yana da rabi, 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai suna da kashi biyu bisa uku, jimla bakwai bisa shida. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware wannan mas'ala da auli, a mai da shidan bakwai, ragin ya shafi kowa daidai rabonsa. Dattijo mai tawada a bakin riga yana yin wannan a zaune kan buzu, jikansa kuwa yana can yana neman x, wanda ba a taɓa gaya masa yadda aka yi ya ɓata ba.

Maƙwabciya Katsina ma tana da abin nunawa. Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi ya rubuta littafi a 1732 kan gina hatimi, murabba'in lambobin da jimlarsa ke zuwa ɗaya ta kowace fuska. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau. Yaran Kano nawa ne suka ji sunansa a aji?

Ba wanda zai ce lissafin kasuwa ya wadatar. Injiniya da likita sai da aljabara, kuma rashin kiredit a lissafin WAEC ko NECO ya rufe wa ɗimbin yara ƙofar jami'a. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun nuna abin da ɗan Kano zai iya in ya samu malami da kayan aiki. Matsalar tana can tushe, a firamare, inda ake haddar jadawalin sau kamar waƙa, da bulala a hannun malam, cikin harshen da yaro bai fara ji ba. Tsoro ne yake koya kafin lamba.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, ana ta gyaran azuzuwa da sayen kujeru, kuma ana buƙatarsu ƙwarai. Ya kamata a haɗa da horar da malaman firamare su bayyana ɗebewa da rabawa da Hausa kafin su sa musu sunan Turanci, su shigo aji da mudu da tiya, su gina tambaya a kan adashin iyaye mata. A sakandare kuwa, malamin addini da na lissafi su haɗa darasi ɗaya a makon da aka zo babin gado.