Ba Obi-Wan kaɗai ba ne, malam: zare kan tsofaffin 'yan wasan Ingila

1/ Kwana biyu ana ta yawo da wata magana a nan, wai tsofaffin 'yan wasan Ingila ba su iya komai ba sai murya da tsayuwar sojan badakkare, wai kullum a sarki ko baran gidan attajiri suke fitowa. Masu faɗin haka, fim nawa kuka gani? Ku zo mu ƙirga.

2/ Mu fara da Alec Guinness, wanda ku kuka sani da Obi-Wan a Star Wars na 1977. A 1949, a fim ɗin Kind Hearts and Coronets, mutum takwas ya fito, duk 'yan dangi ɗaya da ake bi ana kashewa saboda gado. Akwai tsohon limamin coci, akwai janar, akwai saurayi mai ɗaukar hoto, har da mace. Kowanne da tafiyarsa da yadda yake buɗe baki. In ba a gaya maka ba, sai ka kai na uku kafin ka farga.

3/ Shi ne dai kanar ɗin nan mai taurin kai a The Bridge on the River Kwai na 1957, wanda ya ba shi Oscar. Shekara 2 kafin nan shugaban ɓarayi ne mai haƙoran gatso a The Ladykillers, abin dariya. A 1979 kuma ya zama George Smiley a shirin BBC, ɗan leƙen asirin da aikinsa zama ne da goge tabarau yana sauraro. Wallahi goge tabarau ɗin nan ya fi ihun wasu jaruman tsoratarwa.

4/ Laurence Olivier fa? A 1945 a Landan, a dare ɗaya, yakan fito a Oedipus, sarkin da ya ƙwaƙule idanunsa, jini na zuba. A tafi hutun rabin lokaci, ya dawo a Mr Puff na wasan The Critic, ɗan iyayi mai ban dariya. 'Yan kallo ɗaya, kujeru ɗaya, ko hawayensu bai gama bushewa ba.

5/ Tun 1935 ma shi da John Gielgud suka yi musanya a Romeo and Juliet: wannan ya yi Romeo wancan ya yi Mercutio, bayan 'yan makonni suka juya. Da ya tsufa, a 1976 shi ne bos a Marathon Man, ɗan Nazi likitan haƙori mai azabtarwa. A 1978 ya koma tsohon Bayahude mai farautar 'yan Nazi a The Boys from Brazil. Shekara 2 kacal tsakani.

6/ Matan kuwa su aka fi zalunta a wannan hukuncin naku. Maggie Smith kun mayar da ita malamar Harry Potter da tsohuwar Downton Abbey mai baƙar magana. Matar da ta ci Oscar tun da fim ɗin The Prime of Miss Jean Brodie na 1969, ta ƙara wani da barkwanci a California Suite na 1978. A 2015 kuma ga ta tsohuwa dagaje-dagaje tana kwana a motar a-kori-kura a The Lady in the Van.

7/ Judi Dench ba M ta James Bond ce kawai ba. A 1968 waƙa da rawa take yi a Cabaret a Landan. A 1976 ita ce Lady Macbeth tare da Ian McKellen. Ta yi shekaru tana ba mutane dariya a talabijin. Oscar ɗinta na Shakespeare in Love kuwa, fitowar kusan minti 8 ce ta kawo shi. Kuma a 1963 ta zo Afirka ta Yamma, har da Najeriya, da ƙungiyar Nottingham Playhouse, ta yi Macbeth a gaban kakanninmu.

8/ Glenda Jackson: Oscar 2, ta ajiye wasa ta shiga majalisar dokokin Birtaniya daga 1992 zuwa 2015, ta dawo tana da shekara 80 ta fito a Sarki Lear. Sarkin fa, ba 'yarsa ba.

9/ To yanzu ga inda nake rabuwa da masu yabon su ma. Sai ku ji ana cewa ai baiwa ce, a jininsu take. Ba jini ba ne, wahala ce. A da kusan kowane gari mai ɗan girma a Birtaniya yana da gidan wasan daɓe da 'yan wasansa na dindindin, kuma da yawa sabon wasa suke sakawa duk mako.

10/ Ka duba lissafin: da dare kana yin wasan wannan makon, da safe kana bitar na mako mai zuwa, da rana kana haddar layuka. Mutanen ƙungiyar ba su da yawa, don haka ɗan shekara 22 yau tsoho ne, mako mai zuwa ɗan sanda, na gaba ɓarawo. Kuma 'yan kallon nan su ne na makon jiya, sun san fuskarka, in ka maimaita abu ɗaya za su gane. Dole ka canza murya, ka canza tafiya, ko ka sha kunya.

11/ McKellen, Gandalf ɗinku, a irin wannan gidan ya fara a Coventry a 1961, kuma ya sha kokawa cewa tsarin ya mutu. Talabijin ta kwashe 'yan kallo, kuɗin riƙe ƙungiya ta dindindin ya yi nauyi. Yau yaro zai fito daga makaranta, rawa ɗaya ta karɓe shi, shi ke nan sai a yi ta kiransa ita har furfura. Mu ma nan mun san wannan cutar: in ka fito a mugun kawu sau ɗaya aka yaba, to ka zama kawun kowa.

12/ Na san abin da za a jefo min, gara in faɗa da bakina. Eh, Olivier ya shafe jikinsa da baƙi ya yi Othello a 1965. A 1966 ya sake shafawa ya fito a Mahadin Sudan a fim ɗin Khartoum, yana zare ido da wata karyayyar murya. Guinness ya yi Yarima Faisal a Lawrence of Arabia, ya yi Ba'indiye a A Passage to India a 1984, kuma Fagin ɗinsa na Oliver Twist ya jawo ƙorafin cin zarafin Yahudawa har aka jinkirta nuna fim ɗin a Amurka zuwa 1951.

13/ Ban kare ko ɗaya ba. Amma ku lura, nan ne daidai inda wasan nasu ya fi rauni. Mahadin Olivier kwalliya ce kawai, babu mutum a ciki, don bai san mutumin ba, bai san mutanensa ba. Archie Rice ɗinsa a The Entertainer, ɗan barkwancin da kasuwarsa ta mutu yana murmushin dole, wannan ya san shi ciki da bai. A can ne za ku auna shi.

14/ Mai son gardama da ni, sharaɗi ɗaya ne: ka kalli Kind Hearts and Coronets, ka bi shi da Kwai, sannan ka dawo ka ce min mutum ɗaya ka gani. Baƙi-da-fari ne na farkon, kada ka ce ban gaya maka ba.