Wai hoto ba ya ƙarya?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu.

Satin da ya wuce a aji, malaminmu ya ɗaga jarida ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Labarin rikicin gona ne, an sa hoton wani dogon mutum riƙe da bindiga a tsakiyar shanu. Kafin a ce kwabo, rabin aji sun ce "Bafulatani". Wasu har da waiwayowa suna kallona, don ni kaɗai ne mai hula a ajin.

Malam ya yi murmushi ya ce, "A ina aka rubuta Fulani a jikin hoton?" Tsit kake ji.

Abin da ake kira semiyotik ke nan, wato ilimin alamomi. Ferdinand de Saussure, masanin harshe ɗan Suwizalan, ya nuna cewa kowace alama tana da fuska biyu: abin da ido ko kunne ya kama, da kuma ma'anar da ta faɗo a zuciya. Daga baya Roland Barthes na Faransa ya kai zancen kan hotuna. A littafinsa na 1957 ya ɗauki bangon mujallar Paris Match, inda wani yaro baƙar fata sanye da kakin sojan Faransa yake sara wa. A zahiri yaro ne ke gaisuwar soja. A ƙarƙashi kuwa saƙon shi ne: mulkin mallaka alheri ne, ga shi waɗanda aka mallaka ma suna alfahari da shi. Ba wanda ya rubuta haka, hoton ne ya faɗa.

To, mu dawo gida. Ɗaya daga cikin hotunan makiyayi da bindiga da aka daɗe ana yawo da su a Najeriya, a Sudan ta Kudu aka ɗauke shi, mutumin kuma ɗan ƙabilar Dinka ne. Amma da aka yi ta maimaita shi, saniya da bindiga suka zama "Arewa" a kan mutane.

Haka tallace-tallace. Ku lura da kyau: mai kwat da kwamfuta shi ne ci gaba, mai kaftani da rediyo a kunne shi ne mai gadi. Azumi na zuwa kuma sai a tuna da mu, a manna jinjirin wata a jikin gwangwanin madara. Tallan man shafawa fa? Fara ce ke samun aiki da miji.

Amma gaskiya mu ma ba mu tsira ba. Sau nawa aka turo mana hoton gawawwaki a WhatsApp, an ce "ga abin da ake yi wa 'yan Arewa a Kudu", muka tura gaba ba tare da mun bincika ba? Wallahi irin wannan turawar tana iya jawo a taɓa wani bawan Allah a Sabon Gari, mu kuma a rama a kanmu a nan.

Don haka duk hoton da ya zo maka, tambayi kanka: me na gani da idona? Me ake so in ji a raina? Wa aka yanke daga ciki? Rubutun ƙasansa fa, wa ya sa shi?

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mayar da mu gida lafiya.