Kafin A Kira Mutum Ɓarawo

 Maganar wannan mako ta shafi wani hakki ne wanda mutanen ƙasar Tambuwal da Kebbe su kan yar da shi tun daga ƙofar kotu, waɗansu don kunya, waɗansu don tsoro, mafi yawa kuwa don ba wanda ya taɓa gaya musu suna da shi, watau hakkin wanda aka tuhuma da sata ya kare kansa.

Ba mai musun cewa sata ta dami ƙasa. Satar shanu ta kai har a watan Satumba na 2021 Gwamnatin Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwanni da yawa, har da na Tambuwal da Kebbe. Wanda aka kore wa garke cikin dare ɗaya, ko aka fasa wa rumbu bayan kaka, ba a ganin laifinsa in ya fusata. Amma fushi ba ya tantance mutane. In ya tashi sai ya faɗa kan wanda hannu ya fi saurin kai wa, watau yaron kiwo, da ɗan dako, da almajirin da aka gani ya bi ta ƙofar shago, da falken da ya sayi sa a kara bai san asalinsa ba. Babban ɓarawo kuwa sau da yawa yana can cikin daji, ba wanda ya isa gare shi.

Akwai masu cewa tsaya wa wanda a ke zargi da sata taimakon ɓarna ne, su kan kuma kafa hujja da ayoyin Suratun Nisa'i waɗanda suka hana yin jayayya domin maha'inta. To, a koma ga sababin saukar ayoyin, ga shi nan cikin Jalalaini wanda a ke karantawa ko wane azumi. Wani mutum na Banu Ubairiƙ ya saci sulke ya ɓoye wurin wani Bayahude, aka sami sulken a hannun Bayahuden, ɓarawon ya rantse ba shi ba ne, danginsa kuma suka zo suna neman Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya kare ɗan'uwansu. Sai wahayi ya sauka ya tona asirin ɓarawon, ya wanke wanda aka sami kaya a wurinsa. Ashe ayoyin da a ke so a rufe bakin wanda a ke tuhuma da su, sun sauka ne domin kuɓutar da wani wanda aka tuhuma, kuma ba ma Musulmi ba ne, kuma ga kayan sata a hannunsa. Abin da aka hana shi ne mutum ya san tabbas wane maha'inci ne, sa'an nan ya tsaya yana ƙawata ƙaryarsa. Neman a bi ƙa'ida kafin a hukunta mutum ba ya cikin wannan.

Ƙa'idar kuwa ba ɓoyayyiya ba ce, tana cikin Risala da Muhtasar waɗanda ke jibge a ko wane zaure. Hujja tana wuyan mai da'awa, ba a ce wa wanda a ke ƙara ya kawo shaidar cewa bai yi ba. Haddin sata ba ya tabbata sai da shaidar maza biyu adilai, ko iƙrarin da mutum ya yi da son ransa. In namiji ɗaya ne ya shaida aka haɗa da rantsuwar mai kaya, dukiya ta tabbata, a biya, amma hannu ba ya tafiya. Dole abin da aka ɗauka ya kai nisabi, watau rubu'in dinari na zinariya ko dirhami 3 na azurfa, ko abin da ya kai kimarsu ranar da aka ɗauke shi, ba ranar da aka zo kotu ba. Dole kuma a fitar da shi daga hirzi, watau ma'ajin da a kan adana irinsa. Akuyar da aka kama tana kiwo a fili hukuncinta dabam ne da wadda aka kwance daga turke cikin gida. 'Ya'yan itacen da ke rataye bisa reshe dabam ne da waɗanda aka tara a ma'aji. Baƙon da aka yi wa izinin shiga ɗaki, da wanda aka ba ajiya ya ci, da mai fizge a sarari ya gudu, da uban da ya ɗauki dukiyar ɗansa, duk masu laifi ne, amma ba a yanke musu hannu. Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Sayyidina Umar ya lura ubangidansu yana barinsu da yunwa sai ya juya kan ubangidan, ya ci shi dirhami 800 maimakon 400, ko da shi ke Malik ya bayyana cewa ba bisa ninkawar nan aikin Madina ya ke ba.

Kada wani ya ɗauka faɗuwar haddi ita ce sakin ɓarawo. In laifi ya tabbata amma sharaɗi ya gaza, akwai ta'aziri gwargwadon ganin alƙali, akwai kuma mayar da dukiya. Mai kaya bai yi hasarar komai ba don an bi sharaɗi.

Ƙofar da aka fi faɗawa ta cikinta ita ce iƙrari, nan ya kamata a daɗe. Mutum ya kwana biyu ko uku a tsare, an tsorata shi, ko an ce masa in ya amsa za a sassauta, sai ya amsa. A rubuta jawabinsa da Turanci, shi kuwa karatunsa na allo ne da ajami, a miƙo masa ya dangwala yatsa bisa abin da bai san ko mene ne ba. Gobe a kotu a karanta masa, a tambaye shi, kunya da ruɗewa su sa ya gyaɗa kai, shi ke nan shari'a ta ƙare kafin hantsi. Alhali mashhurin mazhaba shi ne iƙrarin wanda aka tilasta ba a aiki da shi, Halilu ma ya kai maganar har ga wanda tilas ta sa ya fito da kayan. Gaskiya ne an ruwaito daga Sahnunu cewa a kan karɓi iƙrarin sanannen ɓarawo wanda aka tsare, mai Tuhfa kuma ya ambaci wannan. Amma Ibnu Farhuna cikin Tabsira ya raba waɗanda a ke tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, da wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Ba daidai ba ne a ɗauki hukuncin da aka tanada domin gawurtaccen ɓarawo a ɗora wa yaron da bai taɓa shiga hannu ba. Bayan wannan kuma, ko da mutum ya yi iƙrari da son ransa, Risala ta bayyana cewa in ya janye a kan karɓa masa, haddi ya faɗi, biyan dukiya ya saura a wuyansa. Mutum nawa ne suka tsaya gaban alƙali ba su san suna da wannan ba?

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Tsarin mulki na 1999 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa, ko kawunsa ne ko malaminsa. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. A ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi. Dokar shaida ta 2011 ta hana karɓar iƙrarin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar 2017 kuma ta mai da azabtar da wanda ke tsare laifi mai hukunci.

Me ya sa ilmin nan ya yi ƙaranci har tsakanin masu karatu? Tarihi ne ya jawo. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 sun bar alƙalai bisa aikinsu amma sun hana yanke hannu. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka yi dokar Final Kot wadda ta fara aiki a 1960. Saboda haka kusan shekara ɗari babin haddin sata karatun zaure ne kawai, a biya a wuce. Da aka komo da hukuncin laifuffuka na shari'a a Zamfara a 2000, Sakkwato da waɗansu jihohi suka bi, sai jama'a suka riƙe hukuncin suka manta sharuɗɗansa. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya, bai ɗauki lauya ba, bai ɗaukaka ƙara ba. Waɗansu da yawa aka yanke musu hukuncin, Gwamnoni ba su sa hannu a zartar ba, ba a kuma sake su ba, suka yi shekaru a gidan yari. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cikin rahotonta na 2004 cewa waɗanda ta gana da su a kurkuku ba su da lauya sa'ad da aka yi musu shari'a, da yawa kuma sun ce duka ne ya sa suka amsa. Ko mai karatu bai yarda da manufar masu rahoton ba, abin da suka faɗa littattafan mazhaba sun riga su hana shi. A Sakkwato kuma an ga amfanin ɗaukaka ƙara: a 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta rushe hukuncin rajamu da kotun Gwadabawa ta yanke wa wata mace, lauyoyinta kuwa da littattafan Malikiyya suka yi jayayya. Ba shari'ar sata ba ce, amma hanyar ɗaya ce, kuma tana da wa'adi, galibi kwana 30. Wanda ya tsaya jiran dangi su gama shawara sai ya tarar an rufe.

Akwai kuma i'izari, wanda malaman hukunci suka sa shi sharaɗi kafin a yanke magana. Alƙali zai tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ko yana da suka ga shaidun da aka kawo. In ya ce yana da ita sai a ba shi wa'adi ya kawo. Nan ne zai bayyana cewa shaidan nan abokin gābarsa ne tun rikicin gona, ko ɗan mai ƙara ne, ko yana da rabo cikin kayan. Bai kamata i'izari ya zama kalmar da a ke faɗa da sauri magatakarda ya rubuta ba. Wanda kuwa harshensa ba ya iya tsayuwa gaban hukuma, shari'a ta yarda ya wakilta wani, an ma ruwaito Sayyidina Ali ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu wajen husuma. Lauya wakili ne, ɗaukarsa ba amsa laifi ba ne, ba kuwa raina alƙali ba. Wanda ba shi da hali akwai hukumar ba da lauya kyauta wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa tun 1976, tana da ofis a Sakkwato. Abin kunya ne garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ribaɗi, a ce talaka ya shiga kotu cikinsa ba wanda ya karanta masa babi ɗaya na abin da ke kansa.

Saura fatake da 'yan kasuwa, gama su tuhumar da ta fi kama su ita ce karɓar kayan sata. A shari'a, in mai dabba ya gane dabbarsa a hannun wani ya kawo shaidu, sai ya karɓi abinsa, wannan shi ne istihƙaƙi, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. A dokar ƙasa laifin yana rataye ne ga sani: ko ya san na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya zaci haka. Saboda haka wanda ya sayi sa da rabin kuɗinsa, da dare, bayan gari, daga hannun wanda bai san sunan garinsu ba, ya riga ya ba da shaida kan kansa, ba lauyan da zai yi masa dabo. Amma wanda ya saya cikin kara da rana, ta hannun dillalin da aka sani, kariyarsa tana da ƙarfi, in dai zai iya nuna ta bayan wata shida sa'ad da kowa ya manta. La'adar da a ke ba dillali ba don ya daidaita kuɗi kaɗai ba ce, har da tsayuwarsa cewa ya san mai kaya. Dillalin da ba zai zo kotu ya faɗi haka ba, bai ci la'adarsa ba. Haka hukuncin ya ke ga babur da waya da injin ban ruwa.

Takarda ita ce ba ta mantuwa, ajami kuwa ya isa, ba sai an nemi mai Turanci ba. A rubuta ranar ciniki da kasuwar, da sunan mai sayarwa da na ubansa da garinsu da mai unguwarsu, da kamannin dabbar, launinta da ƙahonta da tsagar kunne ko lalas in akwai, in babur ne ko inji a kwafe lambarsa, sa'an nan kuɗin da aka biya, da sunan dillali da shaidu biyu, kowa ya sa hannu. A yi ta biyu, ɗaya wurin mai saye, ɗaya a bar wa shugaban dillalan kara.