Filin Uwargida: Aku a Cikin Katun



Kwanan baya na je Safana duba ƙanwata da ta haihu. Ana idar da sallar isha'i aka rufe ƙofar gida, kamar yadda mutanen Safana da Batsari suka koya tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu. Ba dandali, ba wasan farin wata. Yara biyar suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon Tom and Jerry har caji ya ƙare, sannan rigima ta tashi.

Da na rasa abin rarrashi, sai na fara ba su labarin Aku na Magana Jari Ce. Kin dai tuna littafin, juzu'i 3 ne, marigayi Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, na farko ya fito a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya bi bayansa, ga mugun Waziri ya ɗana masa tarko a waje. Kullum dare Aku sai ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ina cikin faɗa na ga ai aikin da kowace uwa ke yi ke nan a yankin nan, riƙe yaro a gida da daɗin baki.

Babbar cikinsu ta ce, "Inna, ina ma a yi mana shi a katun!"

Ban ƙi ta tata ba. NTA Kaduna ta taɓa mayar da littafin wasan kwaikwayo a shekarun 1980, har da marigayi Kasimu Yero a ciki, amma tsuntsu mai magana ai zane ne zai fi fito da shi. Tsorona ɗaya ne. Katun gudu yake so da faɗuwa da dariya, shi kuwa Aku ba shi da makami sai harshe. In masu zane suka tsinci labaran ɗai-ɗai, suka jefar da Musa da ke tsaye bakin ƙofa yana ɗokin fita, to sun ɗebe romon sun bar mana ƙashi. Sannan ba kowane labari ne na ƙananan yara ba. Kalala da Kalalatu akwai ban dariya, amma ƙaryar da matar ta shirya wa miji da baƙonsa tana buƙatar uwa a kusa ta yi bayani.

Kafin masu zane su waiwaye mu, ki aika a sayo miki juzu'i na farko in wani zai shiga Katsina. Labari ɗaya ya isa a dare, kuma ki tsaya daidai inda ya fi daɗi. Ni da na yi haka, washegari tun kafin a kwashe kwanukan tuwo suka shimfiɗa mini tabarma.